Ƙofar Garejin Da Aka Sa Dawuda Ya Rufe

Assalamu alaikum. Shugabanmu na Riyad, Alhaji Muzammil, malamanmu, Musbahu, ƙanin mamaci, Yaya Hansai, mai ɗakin mamaci, da ke jin mu ta waya daga Funtuwa, 'yan'uwana direbobi.

Ni nake koyar da sababbin zuwa Larabci a unguwar Utaiƙa, amma sanin aiki wajen Malam Dawuda suke samunsa. Ya kasance direban gida ɗaya a unguwar Malaz shekara goma sha huɗu. Ya kasance ba ya jan mota da sanyin safiya sai inji ya ɗumama. Kamil, ka tuna sanyinka na farko, da ka tayar da mota ka danna totur? Ya riƙe hannunka ya ce, "Ɗan nan, kai da kanka ba ka moruwa sai ka sha shayi. Bar baƙin mai ya tsinke ya zaga."

Yau a fusace nake, kuma ba zan ɓoye ba.

Kafilinsa, wato maigidan da yake yi wa aiki, ya ce ƙarar inji tana hana mutanen gida barcin bayan asuba. Ya ce, "Sakkiril bab," wato rufe ƙofa. Dawuda ya ba mu labarin a wajen shan shayi yana dariya, mu ma muka yi dariya. Mu! Har da masu ilimin cikinmu, da muka san abin da hayaƙin salansa ke yi wa mutum a rufaffen wuri. Ba wanda ya ce, "Malam, kada ka yarda." Kowa yana tunanin iƙamarsa, kada ya rasa takardar izinin zama.

Talatar nan ta Janairu ya sauke ƙofar gareji, ya tayar da mota, ya zauna ciki yana jiran yara su shirya makaranta. A nan aka same shi ya cika, carbi a hannu. Mutumin da ya ƙi cutar da inji, shi aka kasa tausaya wa saboda barcin minti goma.

Yaya Hansai, ajali na Allah ne, mun yarda. Amma ƙofar nan mutum ne ya ce a rufe ta, mu kuma muka yi shiru. Ki yafe mana. Musbahu, ka yafe mana.

Direbobi, sanyi bai wuce ba. Kamil ya gaya mini jiya cewa a gidan da yake aiki ma haka aka ce ya riƙa yi. To, ku ɗumama inji yadda Dawuda ya koya muku, amma a buɗe. In an ce ku rufe, ku kashe mota ku kira shugaba, mu zo mu yi maganar tare. Kamil, gobe bayan asuba zan kasance a ƙofar gidan da kake aiki tare da kai.

Na gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Dawuda, Ya yalwata kabarinsa, Ya raya masa 'ya'yansa. Mu kuma Ya buɗe mana baki tun muna da ran magana. Amin.