Yadda Na Hana a Zuba Kuɗin Sallamar Maigidana a Masara

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Saratu, matar Malam Ishaya, wanda ya koyar a firamare a wajen Kurugu har ya yi ritaya. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da yawan magana. Yau dai ku yi haƙuri da ni, zan yi.

Maigidana bai daɗe da ajiye aiki ba ɓarin jikinsa ya shanye. Harshensa ya yi nauyi, kullum sai magani. Muna cikin haka kuɗin sallamarsa suka fito, da kaka, bayan mun gaji da jira. Abin da zai riƙe mu ke nan har mu koma ga Ubangiji, don fanshon wata ba ya kai mu ƙarshen wata.

Kafin mu gama godiya, sai ga Yaya Bulus, wan maigidana, daga Gwangwan. Ya ce a kwashe kuɗin duka a sayi masara a kulle a ɗaki, damina na faɗuwa a sayar, a ci ninki. Ya ce kowa haka yake yi bana, shi ma har gonarsa ya jinginar ya saya.

Na ji tsoro ƙwarai. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa musa wa Yaya magana ba. Idan na ƙi, a ce na raba 'yan'uwa. Idan na yarda, maganin mutumin nan ya rataya a kan farashin kasuwa.

Wata safiya na tafi gonar bayan gida, na durƙusa, na ce, “Ya Uba, ni ban san harkar kuɗi ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne. Ka nuna mini da abin da zan gane.” Na buɗe ido. Ga gero an yanke, ga dawa tana tsaye, ga wake yana yaɗo a tsakaninsu. Haka iyayenmu suka koya mana shuka, ba don ado ba: idan ruwa ya ɗauke wa ɗaya, ɗaya ya tsira. Nan take tsoron ya sake ni. Yabo ga Ubangiji!

Da Yaya ya dawo, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Yaya, za a sayi masarar, amma kaɗan. Sauran raba su zan yi.”

Ya yi dariya. “Maman Dauda, daga koyon rubuta suna sai ki zama manajan banki?”

Na ce, “Ban zama ba, Yaya. Amma ni nake juya shi a shimfiɗa, ni nake zuwa kemis. Saurayi idan ya faɗi a kasuwa yana da ƙarfin sake nema. Mu ina za mu samo?”

Ya juya ga ƙaninsa ya ce, “Ishaya, kana ji mace tana yanke hukunci a gidanka?” Maigidana ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, “A bar ta.”

Na bar kaso mafi girma a banki, inda zan iya cira duk ranar da ciwo ya tashi. Na sayi injin niƙa, don a riƙa samun na cefane kullum. Na sayi ɗan fili a fadama na ba da haya. Na sayi tumaki. Masara kuma 'yan buhuna.

Ba zan ɓoye muku ba, ba duka ne suka yi kyau ba. Ciwo ya shiga tumakin, yawancinsu suka mutu. Aka yi ta cewa alhakin Yaya ne ya kama ni. Ko a zumuntar mata ta coci an ja ni gefe, wai in je in ba da haƙuri. Na ce haƙurin me? Ban zagi kowa ba.

Damina ta zo, masara maimakon ta hau sai ta faɗi. Na yi asara a 'yan buhunana, na share hawaye na ci gaba. A cikin wannan daminar jikin maigidana ya rikice, aka kwantar da shi a asibiti. Ban sayar da komai ba, ban roƙi kowa ba. Na je banki na ciro, aka yi masa magani. Ga shi can zaune a layin gaba da sandarsa.

Har yau akwai masu cewa na fi ƙarfin miji. Su faɗa. Ni na san wanda ya buɗe mini baki.

Yaya kuwa, wanda faɗuwar farashin ta fi shafa, yanzu masararsa a injina ake niƙa ta, ba na karɓar ko sisi. Ranar nan ya tsaya a bakin rumfar injin ya ce, “Manaja, an tashi lafiya?” Na ce, “Lafiya ƙalau, Yaya.”

Na gode wa Yesu da ya cire mini tsoron mutane. Iyaye mata, idan abin da zai riƙe ku a tsufa ya zo hannu, ku durƙusa ku tambayi Ubangiji kafin ku tambayi kasuwa. Zai amsa muku da abin da za ku gane. Amin.