Kwanon da Na Ware

'Yan'uwana na zumuntar mata, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Saratu mai faɗan nan da kuka sani, matar Malam Yohanna.

Shekara ashirin da shida muna cin tuwo a kwano ɗaya da maigidana. Bara da damina idona ya koma rawaya, ko ƙanshin miya ba na so. Ya goya ni a babur daga Basirka zuwa asibiti a Birnin Kudu. Aka ɗebi jinina, likita ta ce ƙwayar cutar hanta ce ta shige ni.

Na miƙa hannu ina jiran allura, ta ce babu. Na ce, "Haba likita, duk wannan tafiyar, ko guda ɗaya?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, akwai sojoji a jininki. Ƙwayar ta ɓuya a cikin hanta, su kuma suna bi suna fasa duk inda ta ɓuya. Shi ya sa hantar ta ji jiki, idonki ya yi rawaya. Ki huta, kada ki sha jiƙo, ki riƙa zuwa gwaji. Nan da wata shida za mu san wanda ya yi nasara."

Aka gwada Malam, lafiyarsa ƙalau, aka yi masa rigakafi. Shi da ba ya ciwo, shi ya samu allurar!

Likita ta ce ba a ɗaukar cutar ta abinci, amma ban yarda ba. Na ware kwanona, na koma bayan rumbu ina ci ni kaɗai. Tsoro nake ji kada in kashe bawan Allahn nan da hannuna. Shi kuwa sai ramewa yake yi, ya yi loma biyu ya ture kwano.

Wata rana da tsakar rana ya same ni a can, ya wanke hannu, ya tsoma a kwanona. Na fizge. Ya ce, "Saratu, tuwon ba ya wuce min in babu ke." Ya riƙe hannuna ya yi addu'a: "Uba, kai ka halicci sojojin nan, ka ƙara musu ƙarfi. Ka cire wa matata tsoro. Taurin kan ka bar mata, na saba."

Ina kuka ina dariya muka cinye tuwon nan tas. Daga ranar na daina jin tsoro.

Da wata shida ya cika, likita ta ce sojojin sun kori ƙwayar, kuma sun gane ta, ko ta dawo ba za ta samu masauki ba. Halleluya!

Na gode wa Ubangiji da ya yi aiki a cikina ban gani ba. 'Yan'uwa, ku je ku yi gwaji, ku ji maganar likita, ku dogara ga Yesu. Jiya ma Malam ya ɗauke tsokar da ke gabana a kwanon, na yi kamar ban gani ba. Ku taya ni yabon Ubangiji!