Ɓauren Bakin Rafi

A tashar motar Kisoro, wani tsoho ya matsa kusa da wata mai kai baƙi kallon namun daji.

"'Yata, wajen goggon biri za ki kai Turawan nan?"

"Can ne, Baba. Ka taɓa ganinsu?"

Ya yi dariya. "A dajin aka haife ni. Mu ɗebi zuma, su ci ganye, ba mai kula wani, har gwamnati ta tashe mu. Ɓauren bakin rafi yana nan?"

"Yana nan. Can birran ke hutawa, baƙina su yi ta ɗaukar hoto."

"Mahaifiyata na kwance a gindinsa."

"Ayya, Baba, ban sani ba. Zan canja hanya."

"A'a, ku riƙa zuwa. Dama ita ba ta son gida shiru."