Tambayoyin Ake Gwadawa

A ɗakin jira na masu binciken halayyar yara, ina riƙe da hannun ɗana gam, na ji wata mata tana tambayar wani dattijo.

"Baba, in yarona ya tsorata fa? Ga shi na riga na amince a yi masa tambayoyi."

"Ki ce a tsaya, dole su tsaya. Ƙa'idarsu ce. Jiya jikata ta fashe da kuka da aka tambaye ta mahaifinta, Allah ya jiƙansa. Nan take suka fito da ita."

"Suka sallame ta?"

"Ina! Tambayar suka cire. Gwajin farko ne, 'yata. Tambayoyin ake gwadawa, ba yaran ba."

"To, me ya dawo da ku?"

"Ita ta matsa. Wai ba ta gama zanenta ba."

Sai na sassauta riƙon.