Lasifika ta Uku

A rumfar mai gyaran rediyo a Ƙofar Wambai, wata mata ta dubi 'yar MP3 da ke hannun wani dattijo.

"Baba, me ya same ta?"

"Murya ba ta fita, Hajiya. Sau biyu ana sa mata babbar lasifika, yau ta uku. Karatun Alƙur'ani na marigayi yayana ne a ciki."

Ya kunna. Har teloli na tsallaken titi suka waiwayo.

"Baba, ai tana da ƙara sosai."

"Na'am?"

Ta maimaita da ƙarfi. Ya daɗe yana kallon na'urar.

"Haka jikokina ma suke cewa. Amma gara nan da wajen likitan kunne. Mai gyara bai taɓa ce min ba ta gyaruwa ba."