Na faɗi a bikin ƙanwata

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Sadiya ce daga Bungudu.

Da bazarar nan na so rage ƙiba kafin bikin ƙanwata a Tsafe. Na daina cin abinci sai ruwan lemon tsami, ga tsallen igiya da rana tsaka. Ranar wuni jiri ya kwashe ni, na faɗi gaban dangin ango.

A asibiti likita ta ce, "Yunwa ce da ƙishirwa."

Surukata ta dubi maigidana ta ce, "Ashe ba ka ciyar da ita?" Ya sunkuyar da kai, alhali bai rage ni da komai ba. Har yau na kasa haɗa ido da shi.

Don Allah, me ya kamata in riƙa ci a zafin nan?