Yafiyar da Aka Rubuta wa Mahaifina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sa'adatu, daga Indabo.

Mahaifina tukwane yake sayarwa a bakin titi a Wudil. Wata Juma'a wani mai mota ya kauce hanya, ya farfasa masa kaya kaf. Aka kai shi da mai motar wajen 'yan sanda. Baba ya cire takalmi, ya durƙusa yana gaisuwa, ba wanda ya amsa. Ɗan sandan da mai motar suka yi ta Turanci, alhali dukansu suna jin Hausa. Daga ƙarshe aka kama babban yatsansa aka dangwala a takarda, aka miƙo masa kwafi ɗaya.

Da ya dawo gida, na kai takardar wurin maƙwabciyarmu, ɗalibar jami'a, ta karanta mana. Ashe rubutawa aka yi wai ya yafe.

Baba ya daɗe yana kallon tawadar yatsansa, sannan ya ce, "Sa'a, da sun tambaye ni, ai da na yafe."

Tun ranar bai sake fita kasuwa ba. Jama'a, ku ba ni shawara. Tukwane dai ana sake ginawa, amma wannan fa, ina ake kai kukansa?